Gwangwanin Mai Fanka

Fanka aka kira ni in gyara
a ɗakin yara na Asibitin Malam.
Na hau tsani da ragowar daren jiya a kaina,
silin yana juyawa tun fankar ba ta tashi ba.

A gado na huɗu akwai wani yaro,
kai sumul kamar bayan ludayi,
kuma ba aikin wanzami ba ne.
Ya riƙe mini tasta, ya ce sunansa Mudassir,
ya ce wannan 'yar jar wutar a ina take kwana?
Da na sunkuyo sai ya toshe hanci:
"Baba, bakinka warin magani yake.
Kai ma allurar ake yi maka?"

Na ce eh.
Shekara goma sha ɗaya ina yi wa Asabe ƙarya,
wannan ce ta farko da ta maƙale mini a wuya.

A baranda uwarsa ta kwance bakin zane,
ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
kamar kuɗi na haihuwa in an dame su.
Keken ɗinki ya tafi.
Akuya ta tafi da 'ya'yanta biyu.
Allura ta huɗu tana jiran Alhamis.
Ciwon daji, in ji su.
Daji a cikin ɗan shekara bakwai, wa ya shuka?

Kada ku kira ta tuba, ban kai nan ba.
Liman ya yi wa'azi, na gyaɗa kai.
Hisba ta fasa kwalabe, na canza lungu.
Lissafi kawai na yi a bayan takardar siminti:
kwalba uku kowane dare a Sabon Gari,
bencin ƙarshe, gun Mama Nkiru,
da kanumfarin kashe wari,
da kuɗin adaidaita zuwa Kurna.
Adadin da ya fito ya fi ni kunya.

Na huda gwangwanin madara da ƙusa.

Daren farko ba komai.
A na uku gumi ya jiƙa tabarma,
kashegari noti ya faɗi daga hannuna sau biyar,
yaron shagona ya yi kamar bai gani ba.
Ɗanliti ya bugo waya:
"Ustazu, yaushe za a fara limanci?"
Magariba ce abokiyar gaba.
Da an sallame salla sai ƙafa ta tuna hanya,
maƙogwaro ya bushe kamar rijiyar bazara.
In naɗe kuɗin, in tura su cikin ramin,
in saurari faɗuwarsu. Takarda ba ta ƙara,
amma ni ina ji.

A dare na ashirin da uku na sha.
Ba zan ɓoye ba. Har huɗu.
Da safe na ci kaina tara, na zuba ninki,
Asabe na kallo daga bakin murhu,
ba ta ce uffan ba,
sai dai kokon ranar ya fi sukari.

Kwana sittin na kai wa Malama Talatu,
ta gidauniyar yaran,
mai tabarau ɗaure da zare.
Muka fasa da wuƙar yanka albasa.
Kuɗin duk warin madara da man inji.
Ta ce wane suna za a sa a rasit?
Na ce, rubuta Mai Fanka.

Na leƙa ɗakin.
A gado na huɗu wata yarinya ce da ɗankwali ruwan ɗorawa.
Nas ta ce Mudassir an sallame shi.
Ban tambayi wace irin sallama ba,
na tsaya ina duban fankar,
tana juyawa, ba ƙara, ba rawa.

Tastar tana aljihuna, da niyyar in bar masa na zo.
A bakin ƙofa mai shayi yana wanke kofuna.
Na ce, in gwangwanin nan ya ƙare, ajiye mini.