Sifana Mai Lamba Goma

Shekara ashirin da shida a Mando,
ƙaurin man jirgi ya zauna mini a farce.
Na san kukan injin da ke da lafiya,
na san na wanda ke ɓoye ciwo irin na dattijo,
amma ko sau ɗaya ƙafata ba ta bar ƙasa ba.

Mu ne mutanen ƙarƙashin fiffike.
Kafin kiran assalatu muna rumfa,
ni da Barau da Istifanus mai tari,
a shafa cikin jirgi kamar ana taya akuya,
a leƙa taya, a ƙirga ƙusa,
sannan in sa hannu a littafi: ya tashi.
Sa hannun alƙali bai fi wannan nauyi ba.

Doka ɗaya ce a rumfar.
Kowane ƙarfe da gurbinsa a jikin allo,
an zana inuwarsa da jan fenti.
In inuwa ta zauna babu mai ita,
ko wa ke jira, sai ya jira,
jirgi ba zai ga gajimare ba.

Wata Talata, damina ta raba tsakiya,
an rataya wa jirgi kayansa biyu a hammata,
Laftanar Rifkatu ta ɗaure hular ƙarfe,
yarinyar da kan ce, "Baba, yaya gwiwa?"
Na waiga allo.
Inuwar lamba goma tana kallona,
ita kuwa sifanar ban gan ta ba.

Na gicciye hannuwa sama.
Inji ya haɗiye kukansa.
Oga ya iso, jijiya tsaye a wuya:
ana jira a daji, minti yana da tsada!
Na ce, ranka ya daɗe, ƙarfe kamar ɗan yatsa
in ya faɗa maƙogwaron inji a sama
bai san igiyar kafaɗar kowa ba.

Muka kwance, muka zazzage,
tocila a baki, gwiwa a siminti,
har hadari ya taso ta Rigachikun,
ya rufe sama, aka soke tashi.
La'asar, magariba, lisha.
Aka rubuta sunana da jan biro,
sifana dai ba ta fito ba.

Na koma Hayin Banki a jiƙe.
A zaure na yi tuntuɓe da keken Haladu,
autana, ɗan aji huɗu.
An ɗaure sirdi, an goge sarƙa da tsumma,
ga lamba goma kwance a gefe tana sheƙi.
A aljihuna ya tsince ta.
Ni na zo da ita gida,
ni na sa hannu jiya cewa allo ya cika.
Na ɗaga tafi zan mare shi,
tafin bai sauka ba.

Washegari jirgi ya tashi.
Ya tafi da nauyi, ya dawo sakayau,
hammata wayam, yadda ya saba.
Rifkatu ta sauko, ta cire hula, ta wuce,
ranar ba ta tambayi gwiwa ba.

Barau ya ce kwana guda na ba ɓarayin daji,
sun kora shanun mutane sun haye rafi.
Istifanus ya yi tari, ya ce ina!
Talata kasuwa ke ci a gefen dajin nan,
wa ya san wa keken yaro ya tsirar?
Ina jin su ina goge hannu.
Littafina yana da layin mai, yana da layin ƙusa,
ba a yi masa layin wannan ba.

Yanzu janareto nake gyara a Kawo,
fansho kan zo, kan yi nawa.
In jirgi ya tsaga sama da hantsi
yara su watsar da ƙwallo su ɗaga kai,
ni kuwa aljihu nake lalubawa.
Haladu ya yi gemu, yana koyarwa a Kakuri,
keken ya daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan.
Har yau ban gaya masa ba.