Darasin Faɗuwa

A saman gidan burodi nake, a birnin Recife,
Matakala ashirin da uku, ta tara ta karye.
Da asuba ƙamshin tanda ke riga ni isa,
Da yamma iskar teku ta leƙo ta taga
Ta iske ni ina goge tabarmar faɗuwa.

Shekara talatin ina koyar da judo.
Ƙananan yara ba su da wuya:
Uwa ta kawo, uwa ta ɗauka,
Ka ɗaura masu ɗamara su yi ta tsalle.
Amma ɗan sha huɗu tarwaɗa ne a hannu,
Kana cewa ka kama, ya sulale cikin ruwa.

Na buga takarda na liƙa a bangon makaranta,
"Wata guda kyauta." Ruwan sama ya cinye ta.
'Yata Talita ta ce, "Baba, wa ke karanta bango?
Idonsu na kan waya." Ta ɗauke ni hoto
Ina nana wani ƙato da ƙasa, ta watsa.
Sha bakwai suka hau matakala ran Litinin.
Kafin wata ya mutu, huɗu kaɗai ke dawowa.

Sun zo neman sirrin kayar da mutum a ƙiftawar ido,
Ni kuwa na ce: kwanta, tashi, kwanta, tashi.
Wa zai biya kuɗi a koya masa faɗuwa?

Jurandir ya ce ƙwallo ta fi daɗi, ya tafi.
Wagner ya sami aikin kai saƙo a keke,
Bakuna biyar na jiransa a gida, me zan ce?
Dalva ta daina zuwa ranar da rigarta ta zame
Wani ya yi dariya. Na ji, ban tsawata ba.
Har yau abin na suka ta, ƙaya ce ta ƙi fitowa.

Sai Edivaldo, dogo kamar sandar rake,
Murya na fashewa, hannu ya rasa wurin ajiye kansa.
An kayar da shi a gasa, uwarsa na kallo,
Ya naɗe rigarsa ya bar ta a ƙarƙashin benci.
Mako uku. Na sauka na bi shi unguwarsu,
Na same shi bakin gada yana jifan ruwa.

Ban yi masa zancen lambar zinariya ba.
Na ce, "Gwiwata ta ƙi, ba na iya durƙuso,
Ga yara takwas ba mai ɗaura masu ɗamara.
Ungo mabuɗi. Asabar, ƙarfe takwas."
Bai ce zai zo ba. Bai dube ni ba ma.
Ya dai sa shi aljihu, na juya ina ɗingisawa.

Gwiwar nan da gaske take ciwo, ba ƙarya na yi ba,
Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ran Asabar na tarar da ƙofa a buɗe,
Ƙaramin yaro na kuka ya bugi ƙeya,
Edivaldo ya tsuguna yana ce masa,
"Sa haɓa a ƙirji. Ni ma na sha ƙasa.
Duba yadda ake yi." Ya faɗi, ya tashi.
Na tsaya a matakala, na kasa ƙarasawa.

Na daɗe kafin na gane abin da ke riƙe su.
Ba yabo ba ne, ba rangwamen kuɗi ba.
Matashi na zama inda in bai zo ba
Za a san bai zo ba, aiki ya tsaya dominsa.

Na je gidan su Dalva na ba ta haƙuri.
Ta ce za ta yi tunani. Shekara ke nan.
Ɗamararta na rataye a ƙusa, ban sauke ba.

Jiya na taka matakala ta tara, ba ta motsa ba.
Wani ya buga mata katako, bai faɗa mini ba.
Daga sama ina jin jikkuna na dukan tabarma,
Da sabuwar murya mai kauri tana ƙirgawa.