Hannun Baba Cikin Bunsuru

Babana Sallau tela, na Rafindaɗi,
in zai ce sannu sai ya yi kokawa da harshensa,
kalma ta tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.
Masu kawo ɗinki sukan ƙarasa masa zancen,
su ɗauki kayansu su yi gaba.

Amma ran Alhamis, in an fita tara a firamare,
yakan ɗaura zanen Inna tsakanin darbejiya biyu,
ya zura hannu cikin tsohuwar safa
mai idanun maɓalli, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi,
da gemun zaren buhu.
Shi ke nan, Bunsuru Ci-Takarda ya iso.

Ni ke riƙe da bakin zanen, don igiyar ba ta kai ba.
Daga nan nake ganin duniya biyu.
Gaba, yara sun baje a ƙasa,
gyaɗa a tafin hannu an manta da ita.
Baya, Baba a durƙushe, gumi na bin ƙeyarsa,
yana rera waƙar bunsurun da ya cinye takardar awo
ana jibi Salla,
har hedimasta ya sami wando iya gwiwa,
jinjiri ya sami babbar riga.
Ko gargada babu.
Murya na gudu kamar keken ɗinkin da ya sha mai.
In ya kai wurin amshi sai ya yi shiru da gangan,
yara ɗari su ƙarasa masa,
ba don sun ƙosa ba.

Na taɓa tambayarsa, muna wucewa ta gindin Gobarau,
ina in'inar ke zuwa?
Sai da muka kusa gida ta fito:
"B-ba ni s-suke kallo ba."

Bara muka kwashe shagon.
Ƙarƙashin ƙyallaye na tarar da shi,
ido ɗaya ya ɓalle, asu ya ci gemun.
Na zura hannu. Ya yi mini yawa.
'Yata Tsahare ta ce, "Umma, sa shi ya yi magana."
Na buɗe bakin safa, na ɗauko baitin farko,
sai ya tsaya mini a wuya.

A waje wani mai kurar ruwa ya gifta,
furfura ta fara cin gemunsa,
yana turi yana fito,
kuma wallahi amshin ne.