Sha Biyu, Sha Biyu

Nomau ya kawo shi cikin ledar burodi
ranar kasuwar Jega, rana ta take tsaka,
ya dire shi kan bencina tsakanin matattun rediyo biyu.
Ya ce, "Ɗantani, wanga abu ya haukace.
Na ce mai asuba, shi ko ya ji azahar.
Famfo ya tashi da garjin rana,
albasata ta sha ruwa da zafi, ta kwanta."

Na jona shi. Fuskarsa ta buɗe:
sha biyu, sha biyu, sha biyu,
yana ƙifta ido
kamar yaron da aka tasa daga barci
aka tambaye shi sunan kakan kakansa.

Na ce, tun yaushe?
Ya ce tun daren da aka ɗauke wuta sau uku.

To, na ga bakin zaren.

Kusoshi huɗu ne a bayansa,
ɗaya kanta ya cinye, sai da na lallaɓa ta da tsinin wuƙa.
Can a lungu ga shi kwance,
ɗan batir, faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba.
Shi ne mai gadi.
In wuta ta tafi yawonta
shi ke zama a duhu yana ƙirga daƙiƙa,
har ta dawo ya miƙa mata lissafi.
Ba wanda ya taɓa gaishe shi.

Na ɗora masa mita.
Uku ya kamata allura ta nuna,
ta ɗaga kai da ƙyar, ta tsaya ƙasa da biyu.
Ga farin gari kamar kanwa
ya ci harshen ƙarfen da ke riƙe shi.
Na kankare da reza, na goge da auduga,
na ɗan lanƙwasa harshen don ya ƙara kamu.
Na sa sabo, ba irin na tire ba
wanda ya shekara yana shan rana a bakin tasha.

Ige mai shayi ta leƙa wayarta, ta ce biyu saura kwata.
Na saita. Na zare waya daga bango.
Muka yi shiru, ni da Nomau,
muna jin injin niƙa yana kuka a bayan rumfa.
Na ƙirga ɗari. Na mayar.
Lokaci na nan, bai zube ba.

Kwana biyar, sai ga shi kuma.
Wai yanzu ba ya mantuwa, sai dai latti,
kullum yana satar 'yan mintoci yana ɓoyewa.
Na ce, ina ka rataye shi?
Ya ce jikin kwanon rumfar famfo.
Haba Nomau!
Akwai wani ɗan ƙarfe ciki, kamar ƙwayar shinkafa,
shi ke kaɗa wa agogo taki.
Ka gasa shi kan kwano, ka ce kada ya ɓata rawa?
Na canza shi. Kai kuma nemo katako, nemo inuwa.

Ya biya, ya ɗaure leda, amma bai tashi ba.
Ya ce, "Da can baba ke buɗe ruwa.
Bai da agogo, gamzaki yake dubi,
shekara arba'in bai makara ba.
Yanzu yakan tashi tsakar dare ya nemi takalmi,
wai za shi fadama.
Jiya ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu."

Na dubi kwalin batura da ke gabana,
manya, ƙanana, masu faɗi, masu tsawo.
Na juya su da yatsa.
Na rufe kwalin.

Na ce, in ya tambaye ka ƙarfe nawa,
ka faɗa masa.
In ya sake tambaya, ka sake faɗa.