Minti Goma Sha Ɗaya

A Oswego, watan Maris, ƙanƙarar tafki ba ta gama narkewa ba,
aka kashe tukunyar nukiliya don gyara.
Ni aikina zama gaban allo,
ina ƙirga abin da ba shi da wari, ba shi da launi,
ko ɗumi ba ya yi a fata.

Delbert ne zai shiga ƙarƙashin tukunya.
Shekara ashirin da shida yana ɗaure bawul,
gwiwarsa ta hagu na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Kwana uku muka sa shi maimaita aikin
a kan bututun gwaji, cikin sito,
yana tsaki, ina riƙe da agogo.
Ranar farko minti sha tara.
Jiya sha ɗaya.
Takwas ɗin da muka aske
ba mai ganinsu a takardar albashi.

Mun rataya bargunan darma jikin bututu,
kowanne nauyin yaron da aka yaye.
Mun ƙara wa sifana tsawo
don ƙirjinsa ya ja baya taku ɗaya.
A nan taku ɗaya dukiya ne.

Ya shiga cikin rigar rawaya, wuyan hannu a liƙe,
ma'auni a ƙirji, wani a goshi,
muryata a kunnensa.
Lamba na hawa a allona
kamar kuɗin tasi a cunkoso.

Lokaci ya cika, noti na ƙarshe ya cije.
"Ƙara mini minti biyu, Rosalind."
Na san muryar nan,
ta mutumin da ke jin kunyar
bar wa wani ragowar aikinsa.
Na ce, "Ajiye. Fito.
Tyrell na bakin ƙofa, rabonsa na bana ko taɓawa bai yi ba."
Shiru.
Numfashi kawai a rediyo.
An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira,
ba a ce kunnen zai ji daɗi ba.

Ya fito. Ko kallona bai yi ba.
Tyrell ya ƙarasa cikin minti huɗu.

Da asuba, a wajen ajiye motoci,
na tarar da shi yana kankare mini gilashi
da murfin kofin shayinsa.
Ya ce jikarsa ta fara haƙori.
Na ce, "Milirem talatin da bakwai ka kwasa."
Ya ce, "Ban tambaye ki ba,"
ya zagaya ɗaya gefen, ya ci gaba da kankara.