Matakalar Valparaiso

Gidan su Maite na kan tudu,
mataki ɗari da bakwai daga bakin teku.
Saura kwana tara jarrabawa.

Kowane mataki ta ba shi ajiya:
na bakwai ya riƙe ƙasusuwan hannu,
na gaban shuɗiyar ƙofa, hanyar jini zuwa zuciya.

Da yamma ta hau, littafi rufe cikin jaka,
tana karɓar ajiyarta ɗaya-ɗaya.
Inda ta yi tuntuɓe, nan za ta dawo jibi.

Kaka Eulaliya, ko bihim ba ta sani ba,
tana fere dankali: "To, sai me ya faru?"
Maite ta bayyana, ta kakare, ta sake.

Ƙarfe goma ta kashe fitila.
Barci ne zai ɗaure kayan.