Unguwannin Sama

Ƙarfe biyun dare a Kabuga,
fanka na juyi da ragowar batir,
na jefa wa na'ura tambaya guda:
waɗanne taurari ke zaune a wannan ɗigon
da ƙwayar gero za ta rufe?

Ta ce to.
Ta kama daga sahun farko.
Taurari biliyan biyu ba kaɗan a kundin,
kowanne da lambarsa, da haskensa, da matsayarsa,
ita ko tana bin su ɗai-ɗai
kamar baƙon da ya sauka a Unguwa Uku
yana cigiyar wani Sabi'u,
ya ɗauko Kano tun daga bakin kwalta
yana sallama gida-gida.

Na dafa shayi. Ya huce. Na sake.
Da ladanin layinmu ya yi gyaran murya
batir ya yi kuka uku ya mutu,
ɗan aikena bai dawo ba.

A duhun nan na tuna Baba.
Shekara talatin da ɗaya a gidan waya,
tsaye gaban katako mai ramuka ɗari biyu,
yawun yatsa, tabarau ɗaure da zare.
Wasiƙa daga Ikko, daga Kumasi, daga Jidda:
"A hannun Tasi'u mai gyaran agogo,
bayan rijiya, Yakasai."
Daga ƙasa yake karantawa.
Birni ko waje? Wace ƙofa? Wace unguwa? Lungun wa?
Tambaya huɗu, takarda ta kai zaure.
"Barira," yakan ce,
"saurin nema, a wurin ajiya ake yin sa."

Washegari na yanka sama gida goma sha biyu.
Kowane gida na tsaga huɗu,
huɗun na tsaga huɗu,
na yi ta tsagawa har lungu ya fito.
Na raba musu lamba yadda maƙwabta a sama
za su kwana kusa da juna a faifai.
Fihirisa ke nan, ba kyauta ba ce:
kwana uku tana ginuwa,
ta sha man janareto jarka biyu,
ta cinye sulusin rumbuna,
kuma duk sabon tauraron da ya zo
sai ya tsaya a rubuta shi kafin ya shiga.

Na sake tambaya.
Ban kai kofi baki ba amsa ta sauko:
arba'in da ɗaya.
Na yi guɗa ni kaɗai, a hankali, don maƙwabta.

Sai dai tsohon lissafina ya ce arba'in da uku.

Biyu sun ɓata. Na neme su har la'asar.
Ashe suna nan, taku ɗaya
bayan layin da na ja da hannuna,
kamar gida biyu da ganuwa ta raba
alhali suna jin tarin juna da dare.
Sama ba ta san na yi mata katanga ba.
Tun ranar, in na aiki na'ura lungu
sai na ce ta leƙa na gefe,
ta gaishe su, ta tambaya.

Yanzu aikin da ke kai ni asuba
ƙiftawar ido ne.
Duk da haka ban iya barci da wuri ba.
Na fito tsakar gida,
ga Gamzaki ta wajen Goron Dutse,
ba a inda na bar shi watan jiya ba.
Ba ya kundina. Ba shi da unguwa.

Baba ma yana da rami ɗaya a can ƙasa, dama da hannu,
na wasiƙun da aka ce mai su ya tashi.
Bai yarda a ƙone su ba.
Duk Litinin sai ya fito da su,
ya kaɗe, ya sake karanta sunayen.